Baƙin da ke zaune a hanjin jariri, da abin da nonon uwa ke ciyar da su

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi, ta yaya za a ce wa mai jego kada ta ɗiga wa jaririnta ruwa har sai ya cika wata shida? Duk shekara tambayar nan sai ta dawo idan makon shayarwa na duniya ya zagayo a farkon Agusta, kuma ita ce ke haɗa ma'aikaciyar asibiti da kakar yaro. Ma'aikaciya ta ce nono zalla. Kaka ta ce ita tara ta goya, duk da ruwa ta raine su, ga su nan da nasu 'ya'yan. Mai jego na tsakiya, ta ce "to" a asibiti, ta dawo gida ta ce "to".

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Kusan kowace uwa a ƙasar nan tana shayarwa, ruwan da ake haɗawa da nonon ne ke ɓata lissafi. A ganina masu wayar da kai suna da nasu kason laifin, domin umarni suke bayarwa ba tare da dalili ba, dattijuwa kuwa ba ta barin abin da ta gada don an ɗaga mata murya. Dalilin yana cikin hanjin yaron.

Ba kowace ƙwaya ce ta cuta ba

Harshenmu ma ya ɗana mana tarko a nan. Duk wata ƙaramar halitta da ido ba ya gani mun saba kiranta ƙwayar cuta, alhali mun daɗe muna cin moriyar wasunsu. Bakteriya ce ke mai da madara kindirmo, ita ke sa gasara tsami, ita ke mai da kalwa daddawa. Irin wannan aiki ake yi a hanjin kowannenmu, inda tiriliyoyinsu ke zaune suna narkar da abin da ciki ya kasa, suna haɗa wasu bitamin, suna tare wa masu cutarwa wuri.

Jariri yana zuwa duniya hanjinsa kusan fayau. Baƙin farko yana kwasarsu ne a hanyar haihuwa, sai fatar uwa, kan nono, da hannuwan masu ɗaukarsa. Kamar sabuwar kasuwa ce: wanda ya riga zuwa shi ke kama rumfa, na baya sai ya nemi gefe. Kasuwar ba ta gama zama daram sai yaro ya kai kimanin shekara uku, kuma abin da ake sa masa a baki a tsakanin nan shi ke zaɓen waɗanda za su zauna.

Abincin da uwa ke haɗa wa baƙi

A 1899 wani likitan yara a Cibiyar Pasteur da ke Paris, Henri Tissier, ya duba kashin jariran da ke shan nono, ya tarar wata bakteriya mai kai biyu kamar gwafa ta mamaye shi. Ita ce yau ake kira Bifidobacterium, mu taƙaita mu ce bifido. An ɗauki shekaru da dama kafin a gano abin da ke cikin nono da ke sa ta bunƙasa haka.

Amsar tana da ban mamaki. In aka cire ruwa, abu na uku mafi yawa a nonon mace, bayan sukarin madara da maiƙo, wasu sarƙaƙƙun sukari ne da ake kira oligosakarayid, waɗanda aka gano sama da iri 200. Jariri ba ya iya narkar da su. Haka suke ratsa cikinsa su isa babban hanji ba a taɓa su ba. Wato jikin uwa yana kashe ƙarfinsa wajen haɗa abin da ba zai zama tsoka ko ƙashi a jikin ɗanta ba. Girkin baƙi ne. Wani nau'in bifido mai suna infantis yana da kayan aikin farfasa waɗannan sukari gaba ɗaya, yawancin masu cutarwa kuwa ba su da shi, sai su zauna da yunwa suna kallo.

Idan bifido ta ci, sai ta fitar da asid, hanji ya yi tsami. Shi ya sa kashin jariri mai shan nono zalla ke da ɗan tsami-tsami kamar kindirmo, ba ya wari irin na manya. Ruwa ba ya tsami banza: wannan tsamin ne ke hana irin su Salmonella da miyagun nau'in E. coli sakewa.

Sukarin suna da aiki na biyu. Kafin ƙwayar cuta ta yi ɓarna sai ta maƙale a bangon hanji, kuma tana gane wurin maƙalewa ne da siffarsa. Da yawa daga cikin sukarin nono suna kama da waɗannan wurare, sai ƙwayar ta ruɗe ta kama su, a yi waje da ita cikin kashi. Madarar saniya da ta akuya suna da irin waɗannan sukari, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na mace.

Nonon wata ba ya zama daidai da na wata. Gado ne ya fi yanke irin sukarin da mace ke fitarwa, sai dai halin rayuwa na taɓawa. Wani ƙaramin bincike a ƙauyukan Gambiya ya tarar masu shayarwa a damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, sukarin nononsu ya gaza na masu shayarwa da rani. Duk wanda ya san watan Agusta a ƙauye ba zai yi mamaki ba.

Dakashi, da yadda garkuwa ke koyon aiki

Har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, wai nono ne mara kyau da ya daɗe kwance, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har nono ya "wanku". Dakashi ɗan kaɗan ne, a ranar farko bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu a kowane sha ba, daidai da girman cikin jaririn. Amma a cikinsa sukarin da muka ambata suka fi yawa, haka kuma wani sinadarin garkuwa da ake kira IgA.

Yadda IgA ke zuwa nono shi ne abin da na fi so mutane su sani. Hanjin uwa yana haɗuwa da ƙwayoyin da ke gidan: na randar ruwa, na tsakar gida, na hannun yayyen jaririn. Ƙwayoyin garkuwarta da suka koyi faɗa da su sai su bi jini su tare a nono, su riƙa zuba maganinsu a ciki. Jaririn da ke Fagge yana shan kariyar da aka auna da cututtukan Fagge, na Zinder yana shan ta Zinder. Babu kamfanin da zai iya zuba wannan a gwangwani. A makonnin farko jikin jariri bai fara yin nasa IgA sosai ba, da na uwa yake rufe bangon hanjinsa. Akwai kuma laktoferin, wanda ke ƙwace sinadarin ƙarfe da ƙwayoyin cuta ke buƙata don su hayayyafa.

Wannan kariyar aro ce. Ta dindindin sai jikin yaro ya koya, kuma makarantar tana hanji, inda kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwa suke. Darasin shi ne gane aboki da maƙiyi: a kai wa cuta hari, a ƙyale abinci da baƙin kirki. Ɓerayen da aka raina a ɗakin gwaji babu bakteriya ko ɗaya a jikinsu sukan tashi da garkuwa nakasasshiya. A Bangladesh an ga jariran da bifido ta fi yawa a hanjinsu sun fi amsa wasu alluran rigakafi, a Navrongo da ke arewacin Gana kuma an ga alaƙa tsakanin mazauna hanji da yadda ɗigon rigakafin gudawar rota ke kamawa. Najeriya ta sa wannan ɗigo cikin rigakafin yara a 2022.

A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa da shayarwa za ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da yara 823,000 'yan ƙasa da shekara biyar a kowace shekara, an kuma kauce wa kusan rabin gudawar yara da sulusin cututtukan numfashi.

To, ƙishirwa fa?

Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. An auna fitsarin jarirai masu shan nono zalla a ƙasashe masu zafi, aka tarar ba sa bushewa muddin ana ba su duk lokacin da suka nema. Da zafi jariri yakan nemi nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki, wannan shan ruwansa ke nan. Wadda ke buƙatar moɗa kusa da ita uwar ce. Jaririn da ke fitsari sau shida ko fiye a yini da dare yana samun abin da ya ishe shi.

Ruwa yana ɓarna ta hanya biyu. Yana cika ɗan cikin da nono ya kamata ya cika, tsotso ya ragu, nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa. Sannan yana shigo da baƙin da ba a gayyata ba, daga rijiya, daga jarkar mai ruwa, daga cokali ko bulumboti, a lokacin da masu gida ba su gama kafuwa ba. Kaka ta yi gaskiya da ta ce nata sun rayu. In aka zauna da ita cikin natsuwa aka tambaye ta nawa ta haifa, nawa suka koma tun suna goye, sau da yawa hirar takan canja.

Zuma ma ta shiga nan, duk da darajarta. Takan ɗauki irin wata ƙwaya mai fitar da dafin da ke shanye jiki. Hanjin babba cike yake, ƙwayar ba ta samun wurin tsira. Na jariri da sauran fili, shi ya sa likitoci ke cewa a dakata da zuma sai ya shekara.

Kashin jariri da kwalbar Filajil

Kashin mai shan nono rawaya ne, ruwa-ruwa, da 'yan gudaji kamar riɗi, kuma a makonnin farko yana iya zuwa bayan kowane sha. Uwar fari ta gani ta tsorata, a aika yaro kemis, a dawo da Filajil. Wannan magani bakteriyar da ke rayuwa inda babu iska yake kashewa, kuma yawancin mazauna hanji na kirki irinsu ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: yaro lafiyarsa ƙalau, an watsa masa kasuwa. Ko gudawar gaske ce, yawancin ta yara ƙanana bairos ke kawo ta, maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Abin da ke ceto shi ne ci gaba da nono, ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Jini a kashi, zazzaɓi ga ɗan jinjiri, ƙin kama nono ko yaushi, waɗannan na asibiti ne a ranar, kuma in likita ya rubuta antibayotik a sha shi har ƙarshe.

Kada a ɗauka lissafin a miƙe yake. A gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018, an riƙa ba yara 'yan wata 1 zuwa 59 maganin kashe bakteriya mai suna azithromycin sau biyu a shekara a Nijar da Malawi da Tanzaniya, ko ba su da ciwo. Mace-mace ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a jimlace, a Nijar kuwa, inda aka yi aikin a jihar Dosso, da kusan kashi 18. Amma an kuma ga ƙwayoyin da ba sa jin irin wannan magani sun ƙaru a hanjin yaran. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawarar ga 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi tsanani. Inda cuta ta yi katutu, maganin na iya rinjayar illarsa. Wannan hukuncin hukuma ne bisa ƙididdiga, bai zama lasisin mai kemis ba.

Daga wata shida: gero, wake da gyaɗa

Wajen wata shida ajiyar sinadarin ƙarfe da jariri ya zo da ita takan ƙare, nono kaɗai kuma ba ya ƙosar da shi. A nan ne gudawar da muke ɗora wa haƙori ke farawa. Haƙori na fitowa, gaskiya ne, amma a daidai lokacin ne yaro ya fara rarrafe, yana kai komai baki, ana ba shi kunun da aka dama tun safe ya wuni a kofi. Haƙori ya sha zargi a banza.

Sabon abinci yana kawo sababbin mazauna, masu cin abin da ciki ba ya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, zaren ganye. A 2010 masu bincike daga Italiya sun gwada hanjin yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yara 15 a birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen irin namu ne, gero da dawa da wake da ganye. An tarar hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, cike da Prevotella mai narkar da dusa, kuma sun fi samar da asid ɗin da ke ciyar da bangon hanji. Yaran kaɗan ne, ba a gina doka a kansu, amma ya isa ya sa mu daina raina tuwon dawa da miyar kuka a gaban biskit da indomi.

Matsalarmu ba hatsin ba ce, tsinkakken koko ne da aka tace aka cika da ruwa da sukari. Yana cika ciki, ba ya gina jiki, bai kuma bar wa mazauna hanji komai ba. Kunun yaro ya yi kauri har ya tsaya a cokali, a sa masa garin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, waken suya, ɗan manja, a haɗa da ƙwai, kifi, hanta, kabewa, zogale, alale. Tsamin gasara yana da amfaninsa, don yana rage yaɗuwar ƙwayoyin gudawa a kunu, ko da yake tafasa tana kashe bakteriyar da ta kawo tsamin.

Tamowa ma ashe ba rashin abinci kaɗai ba ce. A Malawi ƙungiyar wani masani ɗan Amurka, Jeffrey Gordon, ta bi tagwaye 317, wato yara 634, ta ɗauki bakteriyar hanjin waɗanda ɗaya ya kamu da tamowa mai kumburi ɗaya bai kamu ba, ta dasa wa ɓeraye. Ɓerayen da suka karɓi ta mai ciwon, aka ba su abincin yankin, suka rame. A Dhaka an gano hanjin yaro mai tamowa yakan tsaya a baya, mazaunansa kamar na yaron da bai kai shi watanni ba. Daga nan masu binciken suka haɗa wani abinci daga gyaɗa, garin waken suya, ɗanyar ayaba da wani wake na can, don ciyar da bakteriyar da ta yi ƙaranci. Sakamakon 2021 ya nuna yaran da suka ci shi sun fi ƙara nauyi a kan masu cin abincin tamowa da aka saba, duk da nasu bai kai wancan ƙarfi ba.

Babban juyin yana zuwa ne ranar yaye. Bincike a Suwidin da wani da ya bi yara 903 a Turai da Amurka sun nuna muddin yaro na shan nono bifido na nan da ƙarfinta ko yana cin tuwo, da an cire shi sai hanji ya karkata zuwa irin na manya. Shekara biyu da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, ita ce kuma shawarar likitoci a yau. Yayen dare ɗaya, a shafa maɗaci a kai yaro gidan kaka, yana yanke masa kariya da abinci lokaci guda. Ya fi muni idan ciki ne ya sa aka yi shi da gaggawa don tsoron kada yaro ya "sha ciki". Nonon mai ciki ba guba ba ne. Ramar da ake gani ta yankewar nono ce da ƙarancin abin da aka maye gurbinsa da shi.

Inda ake zuzutawa

Kasuwa ta ji labarin bifido. Yanzu akwai madarar gwangwani da aka ƙara wa ɗaya ko kaɗan daga sukarin nono, akwai kuma ɗigon furobayotik, wato bakteriyar kirki mai rai da ake zubawa a kwalba, da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Biyu ko biyar cikin 200 ba su zama nono ba. Garin madara kuma ba a tsarkake yake daga ƙwayoyi ba, shi ya sa ake son a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba. Ga maraya ko wanda uwarsa ke kwance, madarar jarirai ceton rai ce, ta fi madarar shanu ko ta shayi nesa ba kusa ba, kuma bai dace a kunyata mai ba da ita ba.

Furobayotik kuwa hujjarsa biyu ce. A jihar Odisha ta Indiya an ba jarirai sama da 4,500 wani nau'i guda a makon farko, cutar jini ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A Amurka kuma hukumar magunguna ta yi gargaɗi a 2023 bayan wani bakwaini ya rasu sanadin bakteriyar da ke cikin irin wannan ɗigo. Kowane nau'i da aikinsa, sunan furobayotik a jikin kwalba bai gaya maka komai ba.

Matan da aka yi wa aiki su kwantar da hankali. Binciken jarirai 596 a Birtaniya a 2019 ya tabbatar 'ya'yan tiyata sukan fara da ƙwayoyin asibiti fiye da na uwa, amma bambancin yakan dushe sosai kafin su shekara, kuma nono na taimakawa. Batun cewa hanjin jariri ne ke jawo asma, ƙiba ko ciwon sukari a gaba, yawancinsa alaƙa aka gani, wadda ba ta kai a ce wannan ne ya haifi wancan ba.

Wa zai ba ta lokacin?

Nono zalla yana nufin uwa tana kusa da ɗanta dare da rana har wata shida. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, ma'aikatan tarayya na samun mako 16, Legas da Kaduna sun kai nasu wata shida. Mai tuyar ƙosai da mai zuwa gona ba su da ko ɗaya, da an yi arba'in sun koma. Maigidan da ya sayi ragon suna da atamfofi ya kamata ya san cefanen mai jego na wata shida ya fi su shafar yaron, kuma shi ne zai iya yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, abin da surukarta ba za ta iya ba. Wadda dole ta fita tana iya tatsa a kofi mai tsabta da murfi. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, da zafin bazara kuwa a ba shi da wuri, da kofi ko cokali, don bulumboti wuyar wankewa gare shi.